Tsinke a Cikin Man Shanu

A ƙauyenmu, can ƙasar Dawakin Tofa, an yi zamanin da babu mai dasa tumatir a fadama sai Barira ta ce a dasa. Ba sarauta gare ta ba, ba ta kuma da lambu nata na kanta. Iri ne a hannunta, shi ke nan. Ita ke renonsa a bayan ɗakinta, cikin fasassun tukwane da tsofaffin kwanonin da gindinsu ya ɓule, mu kuma maza mu je mu karɓa idan ya isa dashe. Duk wanda ya ce zai reni nasa yakan sha haushi. Ko kaji su tone, ko ruwan ƙarshen damina ya kwantar da shi, ko ya fito siriri ba ƙwari. Nata kuwa gajere ne mai kauri, ganyen har wani duhu-duhu yake yi.

Ba zan ce mace ce mai daɗin sha'ani ba. Ni Muntaka katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, na kuma san bakinta tun ina gudu ba wando. Ba ta da yawan magana, amma 'yar kaɗan ɗin da take yi ta ishi mutum jinya. In ka shiga bayan ɗakinta ka miƙa hannu za ka taɓa ganye, sai ta ce, "Da hannu kake gani?"

Aikin nata kuwa na shekara ne cur. Idan tumatir ya nuna, takan sa a kawo mata manya masu lafiya, ta matse 'ya'yan a tsumma, ta shanya a inuwa, ta naɗe ta tura cikin tukunyar toka. Ba ta waiwayarsa sai an fara yankan gero. A nan za ta tankaɗe ƙasa da busasshen takin awaki, ta yafa irin, ta kafa masa 'yar rumfa ta kara. Duk mutanen gidan a kan tukwanen nan suke alwala, har baƙo ma nan ake nuna masa ya tsuguna. In tsiron ya fara tasawa sai ta riƙa zare karan rumfar kaɗan-kaɗan don ya saba da rana, ta kuma rage masa ruwa har ka ji tausayinsa. Na taɓa ce mata zai mutu. Ta ce gara ya san ƙishi tun yana gabanta.

Wahalar tumatir a wajenmu lokaci ne. Bayan ɗaukewar ruwa akwai wani zafi na kaka da ke dafa ƙasa, in ka yi dashe a cikinsa kafin ka juya ya ƙone. In kuma ka yi nawa, zafin bazara ya riske shi yana fure, furen ya zube, ka tashi da ganye. Sai an dace da shigowar sanyi. To, sanyi ba ya aiko da manzo, wata shekara ya yi sammako, wata ya makara. Barira da kwalba take gane shi. Wata 'yar kwalba ce mai faɗin baki da take zuba soyayyen man shanu, ta ajiye a gindin rumfar irin. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta zaro tsinken tsintsiya ta soka a ciki. In tsinken ya kwanta, da saura. Ranar da man ya daskare har tsinken ya tsaya cak, sai ta aika a gaya wa masu lambu su zo da kwandunansu.

Kafin ranar nan ko wane ne kai ba za ka fita da tsiro ɗaya ba. Mijinta ma, marigayi Ɗanliti, ya gwada. Wata shekara ya faki idonta ta shiga maƙwabta barka, ya tumɓuke rabin tukunya ya kai fadama. Suka ƙone ƙurmus. Ba ta yi masa faɗa ba. Sai dai ranin nan kaf, kowa a gidan na shan miya da tumatir, kwanonsa kaɗai ake zuba wa kuka. Har ya rasu abokansa na tsokanarsa da zancen.

Ɗanta namiji ɗaya ne, Basiru, shi ne kuma ɗan farinta. Sai 'yar'uwarsa Luba da ke aure a Shanono. Kamar yadda matan wancan lokaci ke yi da ɗan fari, Barira ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Da yake ni ne abokinsa, lambunmu ma jere yake, sai na zama bakinta. Yana zaune a gabanta za ta ce, "Muntaka, ka gaya wa abokinka tuwonsa na hucewa." Mun girma a haka har ba ma jin abin wani iri.

Sai shekarun fari suka zo, waɗanda suka biyo bayan yaƙin basasa. Shekarar farko mun ci abin da ke rumbu. Ta biyu gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Gidaje suka koma dusa da ganye. Fulanin da ke zaune kusa da mu suka kaɗa abin da ya rage musu suka yi kudu, nono da mai suka ɓace daga kasuwa. Kafin su tashi Barira ta ba wata Bafulatana zanenta mai kyau ta karɓi man da bai fi cika rabin kwalbar ba. Mata suka yi ta gulma, wai ana shan miya salam ita tana ajiye mai don tsinke. Ta ji, ba ta kula ba.

A shekarar duk irin da ke cikin tsumman ta yafa, domin tsumma ɗaya ne ya rage. Ya kuwa fito da kyau, abin har da ban haushi. Gari duk ya yi fari fat, bayan ɗakin Barira kaɗai ke da kore.

Samari suka fara tafiya ci-rani tun kafin lokacinsa, yau a ce wane ya tafi, jibi a ce wane. Rijiyoyin fadama kuma suna ta ja da baya. Mun ƙara wa jigon ɗiban ruwa igiya, mun sake ƙarawa. Zafin kaka ya zauna daram, ya ƙi tafiya. Kullum da safe in leƙa ta katanga in ga tsinken Barira ya jingina da bakin kwalba.

Wata ranar Laraba Basiru ya ce in raka shi wajen innarsa. Akwai ayarin samari da za su tashi bayan sallar Juma'a, su shiga Kano su nemi motar Ikko, sun kuma ce ya zo a tafi. Muka same ta tsugune tana cire ciyawa a tukwane.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, ki ba ni irin nan in dasa. Ruwa guduwa yake yi. In muka tsaya jiran sanyi, zai zo ya tarar da rijiya ta ƙafe."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Muntaka, ka gaya wa abokinka tsinke bai tsaya ba."

"Ina jin ki, Inna. Ni dai ki ba ni ko tukunya biyu. In na dasa, dole in zauna in yi ban-ruwa. In ban dasa ba, zaman me zan yi? Bakin da za ki ciyar kawai na zama."

"Ka gaya masa in ya kai su ƙasa yanzu ƙonewa za su yi. Babu kuma wani irin a bayansu. Na gari ne duka, ba nawa ba."

"Inna, jibi za su tashi."

Ta ɗan dakata da hannunta a cikin tukunya. Na ɗauka za ta juyo. Sai ta ce, "Ka gaya masa sanyi na kusa. Ina jin sa a gwiwata."

A ganina dukansu suna da gaskiya, ruwa na gudu, ƙasa kuma na da zafi. Amma na san Basiru. Ba tumatir ya je nema ba, dalilin zama ya je nema, abin da zai nuna wa ayarin nan ya ce ga abin da ya riƙe ni. Ko ta gane, ko ba ta gane ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, macen da ba ta iya kama sunan ɗanta ba za ta iya buɗe baki ta ce masa kada ka tafi ba. Na gaya masa ya ƙara haƙuri, ya ce haƙurin ne ya ƙare.

Ran Juma'a ya ɗaura 'yan kayansa. Ta soya masa gurjiya 'yar kaɗan ta ƙulle a tsumma, ta ba ni in ba shi. Da ya zo sallama tana fuskantar bango ta ce Allah ya kiyaye hanya, Allah ya sa a dace. Ba ta fito zaure ba. Ni na raka shi har bakin titi.

Ba a yi mako ba iska ta juya. Wata safiya na fito alwala na ji ruwan buta na cizon hannu. Ina shiga gida daga masallaci sai ga sallama a ƙofa. Barira ce, lulluɓe da mayafi, ita da ba ta taɓa zuwa da kanta ba, kullum aike take yi.

Ta ce, "Muntaka, tsinke ya tsaya. Ka gaya wa..."

Ta tsaya tana kallon ƙasa, ni ma na rasa inda zan sa idona. Can ta ce, "Ka zo ka ɗauka," ta juya.

Mu da muka rage muka yi dashen, yawanci tsofaffi, sai irina da nauyin iyali ya hana motsi. Na dasa nawa, na dasa na Basiru. Dashen ya kama, ko ɗaya bai ƙone ba. Ruwa ne ya ba mu wuya, mun yi ta yasar rijiya muna bin sa ƙasa, wasu lambunan na nesa da kwari dole aka sallama su. Amma abin da ya tsira ya yi 'ya'ya sosai. Muka kai kasuwa muka samo hatsi, muka yanka saura muka shanya. Gidaje da yawa da tumatirin nan suka ga damina. Duk kwandon da na cire a lambun Basiru nakan kai mata, ta zaɓi na iri, ta ce in raba sauran.

Dattawa suka riƙa tsayawa a ƙofar gidanta suna sa mata albarka, suna cewa da an bi ta samari an yi dashe da wuri da an rasa duka. Gaskiya suka faɗa. Ba na jin ta taɓa amsa musu da abin da ya wuce "To."

Basiru ya aiko sau ɗaya cewa ya sauka lafiya. Daga nan shiru. Waɗanda suka tafi tare suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa da inda ya ce sun rabu. Bayan shekaru wani direba da ke lodi a kasuwar Dawanau ya ce ya ga mai kama da shi a wata tasha a kudu. Luba ta sa mijinta ya bi sawu, bai samo komai ba. Barira ba ta taɓa tambayata ko an ji labari ba. In na shigo dai takan dube ni, in na gaishe ta na zauna ban ce komai ba, sai ta ci gaba da abin da take yi.

Shekarar da ta biyo bayan tafiyarsa an ɗan sami ruwa. Ta yafa iri kamar kullum. Ana tsakiyar zafin kaka, ina gyara mata rumfa, sai ga Tasi'u, wani matashi daga cikin ayarin su Basiru, wanda ya dawo da damina ya yi noma. Ya gaishe ta yana sosa ƙeya. Ya ce ya san lokaci bai yi ba, amma zaman banza ya ishe shi, in babu abin yi gara ya koma inda ya fito. Ko za ta taimaka masa da ɗan iri?

Na ajiye karan da ke hannuna, ina jiran in ji yadda za ta wanke shi.

Ta tashi ta ɗebo ruwa ta jiƙa tukunya biyu, ta tumɓuke tsiron a hankali da ƙasarsa, ta naɗe saiwar da ɗanyen ganye ta miƙa masa. Ta ce, "Ka dasa da yamma. Ka kafa musu kara ta gabas da yamma, ka ba su ruwa safe da maraice. Kada ka yi nisa da su."

Da ya fita na ce, "Inna Barira, tsinken fa?"

Ta ce, "Man ai na zuba a miya."

Ta yi shekaru bayan nan tana renon iri, kuma duk wanda ya zo, ko yaushe ya zo, ba ta hana shi. Masu lambu suka koma kowa da lissafinsa, wasu su dace, wasu su yi asara. Tumatirin garinmu bai ƙara yin kyan da yake yi a da ba, wannan kowa ya sani.

Rabin dashen Tasi'u ya ƙone a makon farko, kamar yadda ita da ni muka san zai ƙone. Ya zauna yana fama da sauran rabin har bazara. Yana nan garin har yau, gidansa ne mai kallon masallaci, jikokinsa sun cika tsakar gida.