Ranar da kawuna ya ƙi a loda mutum

Shekarun baya, ina Riyad ina tuƙa kawuna. Tsoho ne da ya shiga sojan ruwa tun Turawa ba su tafi ba, ya bari ya kama fataucin dabino a kasuwar Utaiqa, har ya zama shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Najeriya. Ni dai aikina a taro shan shayi ne da gyaɗa kai.

Wata shekara ɗan maƙwabciyarmu ya gama zaman kurkuku saboda faɗa, aka kai shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar. Magidanci ne, a unguwar Jaradiya ta Riyad aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba. Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Uwarsa ta roƙi dattawa su nema masa alfarma.

Dattawa suka ce wake ɗaya ke ɓata gari, a mayar da shi gida kowa ya huta.

"Wane gidan?" in ji kawu. "Ina saurayi jirginmu ya taɓa kwasar fursunoni, muka sauke su garin da ba su san kowa ba. Har yau ina ganin idanunsu. Wannan ya yi laifi, ya yi zamansa. Mutum ba buhun dabino ba ne da za a loda."

Wani ya ce, "Alhaji, khalas, ya isa, kada ka ja mana, iqamarmu, takardar zama, muke tsoro." Babu wanda ya bi bayan kawu. A zaɓen da ya biyo baya ma suka sauke shi daga shugabanci.

Ya yi ta zirga-zirgar neman alfarmar shi kaɗai, ni a sitiyari, abin bai yiwu ba. Da muka je sallama, mutumin ya riƙe hannun kawu, ya tambaye shi da Larabci, "Ya ammi, idan na sauka, me zan ce musu da Hausa?"

Kawu ya ce, "Ka ce, ni baƙo ne." Mutumin ya maimaita har bakinsa ya kama.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mutumin kuwa ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Abin har yau yana cin raina. Duk lokacin da na shiga tasha a Kano na ji wani yana Hausa da ƙyar, sai na tsaya na dubi fuskarsa.