Maryamun da aka ƙera mana a Guangzhou

Shekara takwas ina dafa wa 'yan kasuwa tuwo a Guangzhou, ba a taɓa shigo min da gunki ba sai maƙwabciyata, wata Kirista 'yar Kudancin Kaduna mai sarin jakunkuna a Shiling. Ta yi wa matan cocin ƙauyensu alkawarin mutum-mutumin Nana Maryamu kafin bikinsu. Ta ba wani lawban, wato mai masana'anta ɗan China, aikin, ya ce ba matsala. Su kullum ba matsala.

Ranar da aka kawo akwatin, a gabana ta buɗe. Sai ga mace da jariri, idanu 'yan tsito, ta harɗe ƙafa a kan furen bado. Ashe su ma suna da tasu uwar da suke kunna wa turare, mazubinta kawai ya ɗauko. Ta kira shi ya canza, ya ce meyo, babu.

Ta zauna tana share hawaye. "Hajiya, da wane ido zan kalle su? Na cika baki a gaban Fadan cocinmu."

Na ce, "Ni ban yi boko ba, ƙanwata. Waye ya fara wannan durƙuson naku?"

Ta ce Fada ya gaya musu Kiristocin farko a kogunan da suke binne matattu suka fara zana Maryamu a bango da ɗanta. Wasu mata a ƙasar Larabawa har gurasa suka riƙa gasa mata, manyan coci suka hana. Daga baya maza suka yi taro, suka yi ta gardama kan sunan da za a kira ta.

"Maza ke nan," na ce. "Mace ta haihu ba ungozoma, su suna rigimar suna. To a masu zanen, akwai wanda ya gan ta?"

Ta ce babu.

"Ashe kowa uwarsa ya zana. Ta cocinku mai hancin Turawa fa, 'yar wace unguwa ce? Mu dai mun san ta da kunya, ba mu san hancinta ba."

Ta yi dariya da majina a hanci. Ta roƙe ni tsohon zane, na ba ta, na ce ita za ta naɗe, ni ba na taɓa gunki.

Bayan wata biyu ta nuna min hoto a waya. Matan ƙauyen sun ɗaura mata atamfa har ƙasa, furen ya ɓuya, sun kafa mata ɗankwali. Ba wanda ya tanka sai wata tsohuwa, wai a matsar da ita inuwa, rana ce ke sa ta runtse ido.