Lallen da Kubura Ta Ƙi Sarewa

Kubura, matar Isyaku masaƙi na Gafasa, ba marowaciya ba ce. Amma a shekarun da ake gudun harin Ningawa noma ya ja baya, rumbunta ɗaya tal, shi kuma zai riƙe gidan har kaka.

Hantsi ne abokin gabarta. Isyaku yana saƙa a gindin danga, abokansa sun mai da wurin majalisa. Rana na ɗagawa sai ya ƙwala kira: "Kubura, a damo mana fura!" Mutum ne mai kunyar ido, gara ya kwana da yunwa da a ce da shi marowaci. Ita kuwa ba ta musu. Ta dama, ta miƙa, ta koma ta leƙa rumbu.

Akwai lalle a jikin dangar, daidai bayan tabarmar maza. Ganye ake so a lalle, don haka duk shekara takan sare shi tun bai yi fure ba. Shekarar nan sai ta ƙyale shi. Ta zuba masa kashin awaki, ruwan wanke-wanke duk nasa.

Ɗantani, wanda a cikin abokan ludayinsa ya fi na kowa zurfi, ya ɗaga murya ta saman danga: "Uwargida, wannan lalle haka, raƙumi za a yi wa ƙunshi?"

"Ƙamshin furen nake so, Malam Ɗantani."

Ba ƙarya ta yi ba. Ba ta dai faɗi wanda take so ya ji ƙamshin ba.

Fure ya buɗe fari fat. Ƙudan zuma daga amyoyin da ke kan ɗorawar bayan gari suka yi masa caa, daga fure su sauko bakin ƙwarya. Ɗantani ya kai ludayi baki, aka ɗirka masa harbi a leɓe. Washegari majalisa ta tafi ƙofar gidansa dubiya, ba ta kuma dawo ba.

Isyaku ya ɗauko adda a fusace. Ya dubi lallen, ya dubi rumbu. Sannan ya ce addar ba ta da kaifi.

Geron ya kai su kaka. Kafin nan ma Adama, matar Ɗantani, ta yi sallama, ta gaisa gaisuwa mai tsawo, ta rage murya.

"Yaya Kubura, a sam mini reshe mana. Wanda ya fi saurin fure."