Baba Sifili da Kunnuwan da Injin Ya Cinye

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Sifili yake isa masana'antar, kafin mai gadi ya gama wanke fuska. Ya rataye rigarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya zura ta aiki mai ruwan toka, ya kunna injin. Amma fa ba zai yanka komai ba tukuna. Sai ya bar shi ya yi ta juyi a banza har minti goma sha biyar, domin injin mai sanyi da injin da ya ɗau ɗumi awonsu ba ɗaya ba ne, kuma a wannan sana'a kaurin gashi guda ya isa ya mai da aikin yini shara. Yana jira yana goge teburin injin da tsumma, yana tsince ɓarɓashin ƙarfen jiya. Haka ya yi shekara ashirin da bakwai.

Ga wanda bai taɓa leƙa irin wurin ba, injin CNC wani ƙaton akwati ne mai ƙofar gilashi. A zana abu a kwamfuta, manhaja ta mai da zanen umarni, injin ya bi umarnin yana sassaƙa ƙarfe da wata 'yar wuƙa mai juyawa. Za ka ji wasu suna cewa ai injin ne ke aikin, mutum danna maɓalli kawai yake yi. Allah ya shirye su! Ba su taɓa ganin yadda lamba ɗaya da aka rubuta ba daidai ba take sa wuƙa ta nutse cikin tebur ba.

Sunan da ake kiransa da shi daga bakinsa ya fito. Kafin injin ya fara aiki, dole a nuna masa wurin da zai fara ƙirga awo, wato sifili. Idan sifilin ya goce, komai ya goce. To, shi bai iya wuce ma'aikaci ba tare da ya tambaye shi, "Ka duba sifilinka?" ba. Ko ka ce ka duba, zai ce ka sake. Tun ana jin haushi har aka koma dariya, har sunan ya bi shi gida.

Mai zanen masana'antar, wadda yake tsokana da Injiniya, ita ta ba ni labarin makonta na farko. Ta zo da takardar shaidarta da zanen wani ɗan akwatin alminiyam, kusurwoyinsa na ciki tsaf kamar an yanka da reza. Baba ya kalli allo. Ya ɗauko wuƙar injin, wadda zagaye take kamar fensir, ya miƙa mata tare da wani kwali.

"'Yata, sa min wannan ya taɓa can ƙuryar kwalin."

Ta gwada, ta juya, ta sake gwadawa. Ya ƙi.

"To kin gani. Kwamfuta ba ta musu da kowa, duk abin da kika zana za ta ce to. Ƙarfe ne ke musu. Ki lanƙwasa kusurwar ciki, ki bar wa wuƙa wurin juyawa, kuma kada ki nemi awo mai tsauri a inda ba a buƙatarsa, wahalar da mu kawai za ki yi."

Ta ce ranar ta koma kujerarta kunya kamar ta nutse. Amma tun daga nan ba ta sake tura zane ba sai ta sauko ta tambayi wace wuƙa ce a hannu.

Abin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne yankan iska. Duk sabon umarni, ko na wane ne, sai ya ɗaga wuƙar sama da ƙarfen kamar faɗin tafin hannu, ya bar injin ya bi hanyarsa gaba ɗaya a sarari, shi kuma yatsansa na kan maɓallin tsayarwa. Da ɗan mai masana'antar ya karɓi ragama daga hannun mahaifinsa, wannan ɗabi'a ta tsaya masa a rai.

"Haba Baba! Manhaja ta riga ta gwada komai a allo. Minti ashirin kana yanka iska, masu kaya suna jira."

"Ranka ya daɗe, manhaja ta san abin da aka zana mata. Ba ta san ƙusar da na ɗaure ƙarfen da ita da hannuna ba."

Ba a yi wata biyu ba maganar ta tabbata a gaban kowa. Ana cikin yankan iska, wuƙar ta doshi daidai kan wata ƙusar ɗauri da babu ita a zane. Da a kan ƙarfe ne, da kan injin ya tafi. Baba ya tsayar, ya gyara, bai ko waiwayi ƙaramin oga ba. Baba, kai ne mai haƙurin da ba ya cewa "ai na faɗa." Kai ne ka koya wa mutum fiye da ashirin cewa ba a auna ƙarfe yana da zafi, ba a kuma yarda da wuƙa don ta yi kyau jiya.

Sai dai babbar baiwarsa ba a hannu take ba, a kunne take. Yana can ƙarshen ɗaki zai ɗago kai ya ce, "Mai inji na uku, rage gudu, wuƙarka ta gaji." A je a duba, haka ne. Wuƙa mai lafiya tana da ƙara mai kauri, wadda ta kusa karyewa kuwa wani siririn kuka take yi. Don ya riƙa jin wannan kukan ne ya ƙi toshe kunnensa duk tsawon shekarun nan. Ga abin rufe kunne a rataye ƙura ta ci shi, amma in an yi masa magana sai ya ce, "In na toshe, da me zan yi aikin?" Kuskure ne irin na gwanaye, kuma babu wanda ya matsa masa, tunda kowa yana cin amfanin kunnen.

Matarsa ce ta fara lura. "Malam, sau uku fa ina kiranka." Ya ce ita ce take magana ciki-ciki. Jikarsa mai siririyar murya za ta tsaya tana ba shi labari, sai ya yi ta gyaɗa kai yana kallon leɓɓanta. Da ya je asibiti shi kaɗai, likita ya gaya masa gaskiya: siraran sauti su ke fara tafiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya fito ya zauna a bencin waje ya daɗe. Ya san abin da maganar ke nufi. Ranar da aka gane a wurin aiki, zamansa a gaban injin ya ƙare.

Bai gaya wa kowa ba. Sai ya samo dabara: ya riƙa dafa jikin injin da tafin hannu, yana jin rawar ƙarfen a fatarsa maimakon kunne. Kusan shekara guda yana haka, ma'aikata suna zaton gajiya ce ta sa yake jingina. Wallahi abin yana ci mini rai idan na tuna, mutum yana tsaye cikin abokan aikinsa yana ɓoye tsoro shi kaɗai.

Ranar da asiri ya tonu, wata Talata ce da hantsi. Ana sassaƙa murfin wani babban famfon ruwa, aikin kwana uku, saura kaɗan a gama. Baba ya ɗauke hannu daga jikin injin don ya daidaita ma'auninsa, ya juya baya. Wuƙar ta fara kuka. Duk ɗakin aka waiwayo. Har Injiniya da ke bayan gilashin ofis ta ji, ta fito a guje ta danna jan maɓalli. Kafin nan wuƙar ta karye, ta farke fuskar murfin. Shi kuwa sai da ya ga inuwarta ta gifta sannan ya juyo, yana tambaya da ido me ya faru. Taku biyu ne tsakaninsa da injin.

Kowa ya sunkuyar da kai. Injiniya ta ja shi gefe, ta matso kusa da kunnensa.

"Baba, oga ba ya nan. Zan ce gudun da na sa a manhaja ne ya yi yawa. Faɗa kawai zai yi mini."

Ya daɗe yana kallon ƙarfen da ya lalace. Hanya ce aka buɗe masa, kuma Allah ya sani yana sonta. Me zai je ya yi a gida? Amma ya girgiza kai.

"'Yata, lissafinki daidai ne. In kika ce shi ne, gobe za a sauya shi, a ɓata abin da ke da kyau, kunnena kuma yana nan yadda yake. Yau ƙarfe ya ci. Wata rana hannun wani zai ci."

Da ƙaramin oga ya dawo, Baba da kansa ya ɗauki murfin ya kai masa ofis, ya ajiye a kan tebur, ya faɗi komai har da maganar likita. An ce ogan ya nemi ya mai da shi ɗakin ajiyar kaya, Baba ya yi godiya ya ce a'a, ba zai iya wuni yana kallon injin ta taga ba. Alfarma ɗaya ya nema, a ba shi zuwa ƙarshen wata. Waɗannan kwanakin bai taɓa maɓalli ba. Ya bi injinan ɗaya bayan ɗaya yana rataya abin rufe kunne a jikin kowane, ya tsaya a kan ma'aikaci sai ya sa. Wani ya ce, "Baba, to yaya za mu ji wuƙar?" Ya ce, "Za ka ji ta ta cikinsa, ka saba kawai. Ni ne ban yi haƙurin sabawa ba."

Baba, kai ne ka zaɓi ka rasa wurinka da a ɗora laifinka a kan 'yar mutane. Mun gode. Famfunan da ke ba unguwanni ruwa, da injinan niƙa da ka yi wa sababbin haƙora, babu sunanka a jikin ko ɗaya, amma hannunka ne. Ku kuma da ke gaban injin yau, ku gwada umarni kafin ku yanka, ku saurari tsofaffinku, ku rufe kunnuwanku tun suna naku. In kun yi kuskure, ku faɗi ainihin inda ya fito.

Ranar sallamarsa an jera kujeru a tsakiyar masana'anta, aka kashe injina. Mutum shida suka tashi suka yi jawabi, Injiniya ta kasa ƙarasa nata don kuka. Baba yana zaune a gaba cikin farar riga, yana murmushi, in ya ga an tafa shi ma ya tafa. A hanyar gida ya juya ya tambayi matarsa, "Wai me suka ce ne?"

Ita ta gaya mini wannan, tana share ido da gefen mayafi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ga abin da muka ce, Baba. Ka sa tabarau, ka karanta a hankali.