Na San Maganar, Na Yi Shiru

Duk abin da zan manta a rayuwa, ban da ranar da na kama bakina a majalisar unguwarmu a Durba.

Farkon dawowar mulkin farar hula ne, ina jan motar haya tsakanin Kibiya da Rano. Matata tana da tsohon ciki, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ba ya shiga, ga ciwon kai. Wata rana na ɗauko wata unguwarzomar asibiti, na cire kunya na tambaye ta. Ta ce, "Malam, yau ɗin nan ka kai ta a auna jininta. In ya hau, jijjiga ce ke biyo baya." Na kai ta, aka tarar ya hau ƙwarai. Aka riƙe ta har Allah ya sauke ta lafiya. Ban faɗa wa kowa ba, don a ganina zancen ciki na cikin gida ne.

Bayan wata huɗu, muna zaune a ƙofar masallaci bayan la'asar, sai wani aminina, manomi da muka tashi tare, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ni fa iyalina ƙafa ta kumbura, tana ta kukan kai, wai har duhu-duhu take gani."

Baffana, wanda shi ne babba a wurin, ya ce, "Kai, tagwaye ne! A jiƙa mata saiwa ta sha." Aka kwashe da dariya.

Wallahi maganar tana bakina. Amma yaya zan yi zancen cikin matata a gaban baffana? Na ce a raina gobe zan sami aminin nawa shi kaɗai. Washegari na yi sammakon lodin fasinja. Kashegarinta ma haka.

Rana ta uku da hantsi aka aiko in zo da mota. Na tarar matar aminin nawa tana jijjiga, mata sun rirriƙe ta. Ba mu kai Rano ba ta cika, a kujerar bayan motata.

Bayan addu'ar uku na kasa daurewa, na faɗa masa komai. Ya ce, "Wa'adinta ne ya yi. Amma da ka gaya mini, da na kai ta." Bai ɗaga murya ba. Da ma zagina ya yi.

Daga baya na sami mai unguwa, muka gayyato unguwarzomar ta yi wa maza bayani. Baffana ne ya fara tambaya, kansa a sunkuye. Tun daga nan ba na fashin taron kiwon lafiya na unguwa, kuma ana yawan kirana in kai masu ciki awo kafin abu ya ɓaci.

Na yarda da ƙaddara. Amma na gane abin da ka jiyo game da lafiya ba naka ba ne kai kaɗai, amana ce ta maƙwabta. In kuwa ka ce sai gobe, ba lalle goben ta iske mai bukata da rai ba.