Murfin Kwalbar Mai Sikeli

Shekarar da Vernon ya rasu, matarsa Marlys ta riga ta haƙura da naman barewa, don shi ne mai fita farauta a gidan. Sai wata Asabar a watan Nuwamba ta buɗe ƙofa ta tarar da kwali a kan dakali, an jera nama ƙunshi-ƙunshi cikin farar takarda, kowane ƙunshi an rubuta nauyinsa da fensir. Babu suna, babu sallama. Amma duk garin mutum ɗaya ne zai auna kyauta kafin ya bayar, wato Orrin Haugland, aminin marigayin. Daga ranar, kowace kaka sai kwalin ya zo, nata da na sauran matan cocinsu da suka rasa maza.

Shekara talatin da huɗu Orrin ya yi yana awon alkama a babban rumbun da ke bakin titin jirgi, har manoman arewacin jihar Montana suka manta sunansa, sai dai Mai Sikeli. Ya bar aikin, amma awon bai bar shi ba. Bai taɓa sayen harsashi haɗaɗɗe a kanti ba. Kwanson tagulla sabo fil yake saya, ya zauna da shi a ɗakin ajiye mota. Sai ya daidaita tsawon kowanne, ya kankare bakin ciki da waje, ya share ɗan ramin da wuta ke bi ta kai ga albarushi, sannan ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin sikeli. Masu nauyi ɗaya ya jera su a kwalin ƙwai, waɗanda suka bauɗe ya watsa su a tsohon bokiti.

Ba sha'awa kaɗai ba ce. Yana ɗan shekara ashirin ya harbi wata barewa a ciki, ta gudu, ya kwana biyu yana bin jininta kafin ya same ta da sauran numfashi. A wurin ya yi wa Allah alkawari: kowace kaka, kafin ya fita, zai kafa murfin kwalbar zuma a nisan yadi ɗari biyu ya yi harbi uku. Ranar da ko ɗaya ya kauce, ya rataye bindiga ke nan.

Yana da shekara saba'in da huɗu, wata Lahadi Marlys ta lura bai tsaya shan gahawa bayan addu'a ba, shi da ba ya tashi sai an wanke kofuna. Washegari ta ɗauki burodin da ta gasa ta nufi gidansa. Ta same shi yana shafa wa bindiga mai, ga tsohon bargo a shimfiɗe zai naɗe ta.

"Mai Sikeli, wa ya mutu kake shirya likkafani?"

"Uwar Kaji, bana babu naman barewa, ki koma kan kajinki. Ɗaya ya shiga murfi, biyu sun tafi yawonsu."

"Ko iska ce?"

"Iskar me? Ko gashin kaina bai motsa ba."

"Ai ba ka da shi," in ji ta.

Bai yi dariya ba, sai ta ja kujera ta zauna. Marlys ba ta yi nisa a makaranta ba, amma shekara arba'in tana haska ƙwai a fitila kafin ta kai kanti, tsagar da ba ta kai silin gashi ba ba ta wuce ta. Yana ta maganarsa, ita kuwa hannunta na cikin gwangwanin gahawar da yake zuba sababbin kwansuna. Ta ɗauki biyu ta juya su wajen taga.

"Waɗannan ba uwarsu ɗaya ba."

"Duk tagulla ce, duk girma ɗaya."

"Kama da wane ba ta wane. Wannan wuyansa ya yi duhu kamar gindin tukunya, wannan kuwa fes. Rubutun gindinsu ma daban."

Orrin ya karɓa ya kai su kusa da ido, ya nisanta su, ya sake kawo su. Can ya ce, "Rhonda!" 'Yarsa ce da ke aure a birnin Billings. Da Kirsimeti ta kawo masa kwanso ɗari na ƙetaren teku, ya yi godiya ya ajiye, don shi shekara arba'in iri ɗaya yake saya. Da ta zo share masa ɗakin da bazara, ta ga tagulla nan tagulla can, ta juye su gwangwani ɗaya. Iri ɗaya ya fi ɗayan kauri, mai kaurin cikinsa ya fi matsewa, ko an zuba musu albarushi daidai ba za su tafi wuri ɗaya ba.

"Ka bar Rhonda ta huta," in ji Marlys. "Da ka auna su ai da ka gane. Tun yaushe ka daina?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Tun watan Afrilu. Layin sikelin ya zama biyu. Daga nesa, ta madubin bindiga, ina gani garau. Na kusa ne ya gudu. Ma'aunin albarushi a kafe yake tun da, ba sai na karanta shi ba, shi ya rufa min asiri." Ya ja bargon. "Alkawari dai alkawari ne."

"Ka yi wa Ubangiji alkawari a kan hannunka, ba a kan tsintsiyar 'yarka ba. Mu raba su, ka sake gwadawa sau ɗaya. In ya kauce, ni zan taya ka naɗe ta."

Yamma uku suka yi. Shi yana ɗorawa, ita tana karanta layin, tana leƙa kowane rami a hasken taga. Cikin guda ɗari na irin da ya saba saya, ashirin da shida suka tafi bokiti, wasu ramin ya karkace, wasu wuyan gefe ɗaya ya fi kauri. Cikin na Rhonda uku kacal.

"To, Mai Sikeli, me sikeli ya ce?"

"Ya ce ki rufe min baki. Kada ki kuskura ki gaya wa yarinyar nan."

Ranar Juma'a da hantsi suka je bayan gonar Vernon. Ita ta kafa murfin da kanta, ta dawo ta toshe kunnuwa tana addu'a a zuci. Bayan harbi na uku, ita ta taka ta ɗauko murfin. Rami uku, biyu har sun taɓa juna. Ta miƙa masa, ya shafa su da babban yatsa, sai ya tambaya ko burodin nan da saura.

Kwalin nama ya zo a Nuwamba, ya kuma zo kaka huɗu bayan nan, kuma kowace Oktoba Marlys na da kujerarta kusa da tagar ɗakin mota. Murfin yana rataye a kicin ɗinta har yau. In ta dube shi, abin da ya ce mata a hanyarsu ta dawowa ranar ne ke faɗo mata.

"Matar aminina, ni na ɓoye wa kaina gaskiya wata shida. Ke idonki ba ya ƙarya. Ranar da kika ga hannun nan ya fara rawa, kada ki jira murfi ya faɗa. Ki faɗa min da bakinki, ko da zan yi fushi."