Garken Maude na Ƙarshe

Maude ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana bin shanu kafin Abuja ta iso inda yake. Shi bai zo birni ba, birnin ne ya same shi a bayan Jikwoyi, da katafila da masu awon fili. Lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula, arzikin mai yana ta ambaliya, duk inda saniya ta saba kwanciya sai a wayi gari an kafa allon rukunin gidaje. Ƙannensa suka kora abin da ya rage suka nausa Nasarawa. Shi kuwa gwiwa ta hana shi bi, ya zauna da matarsa Fadimatu, ga sanda babu abin korawa.

Wani mahauci ne ya kai shi wata cibiyar bincike da ke neman mai kula da dabbobi. Maude ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki igiya. Aka buɗe masa ɗaki mai sanyi kamar randa, ya tarar da fararen ɓeraye arba'in da takwas a keji suna kallonsa da jajayen idanu. Ya mai da igiyar aljihu.

Mai binciken, Dakta Khairat, 'yar Zariya ce, ba ta kai 'yarsa ta fari shekaru ba. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan.

"Baba Maude, akwai ciwon da ke kama manya, hannu ya yi ta rawa, ƙafa ta yi nauyi. Muna zargin kumburi ne ke cin wani wuri a ƙwaƙwalwa. Ba za mu buɗe kan mutum mu duba ba, shi ya sa muke sa wa ɓera ciwon. Rabi za mu ba su magani, rabi ba za mu ba su ba, sai mu gwada."

"Wa ya zaɓi rabin?"

"Ƙuri'a."

"To," in ji Maude.

Cikin sati biyu ya san su ɗaya bayan ɗaya. Dakta da lamba take kiransu, shi da suna: ga Gwaggo, ga Mai Kunne, ga Kansila, wanda ba ya komai sai ci. A unguwa Fadimatu ta ce mijinta dabbobin gwamnati yake kiwo, kuma ba ta yi ƙarya ba. Gaskiyar magana, Maude ya ji daɗin aikin ƙwarai. Rabonsa da tashi da safe wani abu mai rai yana jiransa tun ranar da ƙurar garken ta ɓace, kuma ya san in ya rasa wannan ɗakin ba wanda zai sake ba shi ko kaza.

A sati na huɗu ciwon ya bayyana. Wasu suka soma jan ƙafa, wasu suka lafe a lungun keji. To, a rugar da Maude ya tashi, dabbar da ta kwanta ba a barinta kwance. A ɗaga ta, a murza mata ƙafafu, a ba ta ruwan kanwa, a sa ta taka ko ba ta so. Ba wanda ya ce masa ya yi, ba kuma wanda ya ce kada ya yi, don ba mai digirin da ya taɓa tunanin sai an faɗa. Kullum kafin ma'aikata su iso sai ya fito da waɗanda suka fi rauni ya yi musu abin da ya sani. Bai san masu magani da marasa magani ba, amma raunanan dai, dole, marasa maganin ne.

Da aka ɗora su kan sandar gwaji mai juyawa, marasa magani suka riƙe ta daram kamar masu magani. Dakta ta sake gwaji, ta zargi na'urar, ta zargi kamfanin maganin, ta zargi kanta. Ranar da ta yi sammako don tsere wa cunkoson motocin Nyanya, ta buɗe ƙofa ta iske dattijo a tsugune, ɓeraye bakwai sun jeru a gindin bango, yana kora su da ɗan yatsa yana musu fito.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan bokiti ta dafe kai.

"Baba, aikin wata biyar ke nan."

"Ai sun ji sauƙi, Dakta."

"Shi ne matsalar. Yanzu ban san ko maganin ya hana kumburin ko bai hana ba. Za a kawo sababbin ɓeraye. Abinci, ruwa, shara, shi ke nan, kowa daidai da kowa. In ka sake taɓa ɗaya, Oga zai sallame ka, ni kuma ba ni da bakin roƙo."

Yankan da aka yi wa ɓerayen farko don duba ƙwaƙwalwarsu bai dame shi ba, makiyayi ya san ƙarshen dabba. Ya kuma gane hujjarta sarai, har ya maimaita wa Fadimatu ba kuskure. Sababbin bai raɗa musu suna ba.

Ya daure har ciwon ya kama su, ya ƙara kwana tara a kai. Ran na goma lamba talatin da ɗaya ta kwanta a gefe guda, ƙafarta ta baya tana karkarwa. Maude ya tsaya a kanta, hannaye a baya, ɗaya ya damƙe ɗaya, har aka kira azahar. Sannan ya je ofis ya ajiye makulli a kan tebur.

"Ka taɓa ta?" in ji Dakta.

"Ban taɓa ba. Amma gobe zan taɓa."

Ta roƙe shi, idonta ya cicciko. Ya yi mata addu'ar Allah ya sa maganin ya fito, ya tafi.

Yanzu yana kasuwar kifi ta Kado, yana jera kifi a kan ƙanƙara. In aka tambaye shi aiki, sai ya ce da sauƙi, duk a mace suke zuwa, ba wanda ke kallonsa.